Kawu a Bakin Burtali

Na Allah ne mu, kuma gare shi Kawu ya koma ranar wata Talata da hantsi, ana yayyafi a kan kwanon asibiti.

Kafin azahar an kawo shi gida. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, tana jin tsayuwar mota ta zube a bakin murhu, sai da aka yayyafa mata ruwa. Inna, matarsa, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, duk wanda ya ce mata "ya haƙuri" sai ta ce "da godiya", idonta yana kan katanga. Tsofaffin abokansa na zamanin farauta suka zo daga wajen Falgore, wasu da dogara sanda, suka zauna suna girgiza kai. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wannan mutum gatari bai kashe shi ba yana saurayi, sai yanzu da furfura."

Samarin garinmu kuwa, waɗanda ya koya wa gudu, ba su zauna a tabarma ba. Da aka dawo daga maƙabarta sai suka taru a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar gida, suka jingina gorori da adduna a jikinta. Maganarsu ɗaya ce: shanun Baffa ne suka tattake Kawu, kuma da zarar an yi sadakar uku za su shiga rugar. Baffa shi ne makiyayin da ke zaune da iyalinsa a bayan gonakinmu tun kafin a haife ni, aminin Kawu. Liman ya je ya yi musu nasiha, suka ce "to, Malam", ba su motsa ba. Mai gari ya aiko, suka ce sun ji. Haka muka yi zaman makoki, muna kukan mutum ɗaya, muna tsoron a kawo mana labarin na biyu.

Ina rubuta wannan don kada a manta da Kawu, kuma don kada a tuna shi yadda ake ba da labarinsa a gindin darbejiya. Ina wurin, na gani da idona.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa kamar an sassaƙa su daga icen kirya. Kunnensa na hagu rabi ne. Ina ƙarama na taɓa kama guntun kunnen na tambaye shi ina sauran. Ya ce, "Kura ce ta ɗanɗana, ta ji ɗaci, ta bar mini ragowar." Na daɗe ina jin tausayin kurar nan. Sai da na girma Inna ta gaya mini gaskiya muna tsinkar zogale. A samartakarsa babu wanda yake riga shi isa kan nama a dajin bakin Falgore. Wata rana karnukansu suka kayar da gada, mafarautan wani gari suka ce nasu ne suka taso ta. A al'adar farauta ta wancan lokaci, mai ƙarfi shi ke tafiya da nama. Aka zare gatura. Kawu ya rasa rabin kunne, abokinsa kuma aka raba masa kai. Ya saɓa shi a kafaɗa ya yi ta gudu da shi zuwa bakin titi, jinin abokin yana bin bayansa har cikin wando. Da ya isa ya sauke shi, ashe tun a hanya gawa yake ɗauke da ita. Inna ta ce gadar ma babu wanda ya ci, karnuka ne suka yayyaga ta ana cikin faɗa.

Daga ranar ya rabar da karnukansa, ya koma noma da gyaran keke. Abu biyu ne bai iya rabarwa ba: gudu da zuciya.

Tseren gudun da ya kafa a garinmu, wanda ake yi duk shekara, ya samo asali ne daga wani faɗan ƙwallo. Samarinmu da na garin maƙwabta suka fasa wa juna kai a kan ci ɗaya. Washegari Kawu ya tara namu a bakin titi, wasu da ɗaurin tsumma a goshi, ya ce, "Ƙarfi ne ya yi muku yawa, ba ku san inda za ku kai shi ba. Ku biyo ni. Wanda ya riga ni isa kasuwar can, ya dawo ya mare ni." Babu wanda ya riga shi. Shekara ta zagayo aka sake, wannan karon har da waɗanda aka yi faɗan da su. A hankali labari ya bazu, masu gudu suka riƙa zuwa daga Bebeji da Kafin Maiyaki da Dangora, har da dogayen samarin Doguwa da Tudun Wada waɗanda suka saba hawan duwatsu.

Ba a biyan kowa. Telan unguwarmu ke ɗinka lambobi a ƙyalle, 'yan sintiri su tare motoci, malamin asibiti ya zo da auduga da maganin ciwo a kwali, mu 'yan mata mu tsaya da robobin ruwa a hanya. Wanda ya zo na ɗaya ya samu buhun masara, ko rediyo idan shekara ta yi kyau. A ƙarshen damina ake yi, bayan an gama noma ba a fara girbi ba, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo, titi ya zama kamar wata doguwar rariya tsakanin korayen bango biyu. Ina son wannan lokaci. Da sassafe raɓa tana rataye a kan ganye, sai ka ji sawun ƙafafu tun kafin ka ga kowa, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me mutum yake tunani idan yana wannan dogon gudu?"

Ya ce, "Da farko buhun masara. Can a tsakiya, ruwa. Daga nan ba ya tunanin komai, 'yar nan. Wurin nan da ba a tunanin komai, shi nake so yaran nan su ɗanɗana."

Kada wanda bai san shi ba ya ɗauka mutum ne mai sanyi. Wata shekara ya kama wani ɗan acaɓa yana jan ƙaninsa da igiya a inda babu jama'a, don ya wuce sauran. Kawu ya sauka daga keke, ya zare famfon iska, ya sauke wa ɗan acaɓan a baki. Haƙori biyu suka faɗi a kan kwalta. Mahaifina ya yi fushi sosai, ya ce, "Ka ce kana raba yara da faɗa, ga shi kai kake zubar da jini." Suka yi sati ba sa cin tuwo tare. Daga baya Kawu ya ɗauki madara da burodi ya je gidan ɗan acaɓan. Ya ce, "Na zo duba bakin ne. Amma ko gobe ka sake jan wani da igiya, sai na ƙarasa sauran." Yaron ya yi dariya da kumburarren leɓe. Shekarar da ta biyo baya yana cikin masu tare hanya.

Akwai kuma wani mahauci mai ƙiba da yake shiga tseren duk shekara, kuma duk shekara shi ne na ƙarshe. Yara suna binsa suna yi masa waƙa. Kawu yakan koma baya ya same shi, ya sauka yana tura keke a gefensa yana masa tsiya: "Ɗaga ƙafa, sarkin fawa, ba sa kake ja ba." Ba ya bari a kwashe robobin ruwa sai mahaucin nan ya wuce.

Aikin da ya fi ba wa muhimmanci shi ne na jajibiri. Yakan bi titin da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, da buhu a kafaɗa, yana tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi saboda masu gudu ba takalmi. Idan ya kai tsakiyar hanya sai ya ratse zuwa rugar Baffa. A nan ne burtali, wato hanyar shanu, yake fitowa daga cikin gonaki ya tsallaka titi zuwa rafi. Da damina shanu ba su da wata hanya sai ita, kuma saboda tsawon dawa, wanda ke kan titi ba ya ganin abin da ke tahowa a burtali, na cikin burtali ma ba ya ganin titi. Don haka suka yi yarjejeniya ta baki: ranar tsere Baffa zai tsare shanunsa a garke har rana ta hau kan ɗorawar rugar. Kafin nan masu gudu sun wuce, tunda ana idar da sallar asuba gari na wayewa ake tashi.

Na raka shi sau da yawa, don matar Baffa tana ajiye mini kindirmo. Kullum gaisuwarsu ɗaya ce.

Baffa ne ke farawa: "Kaɗo, ka zo kuma? Ni har yau ban gane ba. Mutum ba kura ta koro shi ba, ba gobara ba, ya tuɓe riga ya kama gudu a titi."

"Kai da saniya take ja daga nan har Doguwa, ta tsaya ka tsaya, ta tafi ka tafi, kai ne za ka yi wa wani dariya?"

"Ni aƙalla nono nake samu."

"To gobe ka riƙe mini iyayen gidan naka har rana ta hau ɗorawa."

Sai Kawu ya ajiye masa goro, su tafa. Shekara da shekaru Baffa bai taɓa saɓawa ba. Bana ma bai saɓa ba.

Abin da ya bambanta bana shi ne baƙo. Wani mai hali ɗan yankinmu da ke zaune a birni ya aiko da riguna masu kyau ga duk masu gudu, sai dattawa suka ga ya kamata a girmama shi, shi zai busa usur. Gari ya waye bai iso ba. Rana ta fito, ana ta cewa yana hanya. Waɗanda suke wurin sun ce Kawu ya riƙa kai da kawo yana kallon sama, ya je wurin mai gari ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tana tafiya." Mai gari ya ce, "A ƙara haƙuri kaɗan. Mutum ya yi mana alheri, ba ma fara ba shi ba." Kawu, wanda zai iya fasa bakin ɗan acaɓa, bai iya musa wa babba a gaban jama'a ba. Ya kira wayar Baffa ba ta shiga. Sai ya tura wani mai babur ya je ya ce a ƙara riƙe shanu.

Ni ina wurin ba da ruwa, daf da bakin burtali. Na ga mai babur ɗin. Ya tsaya, ya sha ruwanmu, ya leƙa burtali ya ga taɓo har gwiwa, ya juya ya koma. Sai daga baya muka san abin da aka aiko shi.

Rana ta yi sama sosai, har ta wuce kan ɗorawa, lokacin da muka ji hayaniyar masu gudu. Yayana ne a gaba. Shekara uku yana zuwa na biyu, bana ya rantse masarar tamu ce. Yana tahowa ƙirjinsa a buɗe, wani ɗan Doguwa yana bin sa, a bayansu babura sun cika titi suna ta hon, samari a kai suna ɗaga gorori suna yi masa kirari. Na miƙa kofi ina kiran sunansa. A daidai nan dawa ta buɗe, ƙahoni suka fito.

Da shanun kaɗai ne, da sun tsallaka abinsu. Hon ɗin babura ne ya firgita su. Na gaba suka juya, na baya suka turo su, garke ya watse a kan kwalta. Wani farin bijimi ya ɗauki Yaya ya jefar. Na ji ƙarar cinyarsa kamar an karya rake. Ya faɗi, kofato suna sauka ta kowane gefe. Sai ga Baffa ya fito a guje, ya tsallaka ya tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana kai wa shanun duka da sanda yana musu tsawa da Fulatanci, har suka rabu biyu suka bar Yaya a tsakiya.

Waɗanda suka iso a kan babura ba su ga wannan ba. Abin da suka gani shi ne makiyayi da sanda a sama, ɗan garinsu kwance cikin jini a ƙarƙashinsa. Wani ya yi ihu, "Ya kashe shi!" Dutse na farko ya samu Baffa a goshi. Ya ɗaga hannu zai kare, gora ta sauka a hannun, na ga ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ya faɗi. Suka rufe shi. Muna ihu muna cewa ba haka ba ne, amma muryarmu ba ta wuce bakinmu ba. Wani ya fara kiran a kawo fetur.

Ban ga isowar Kawu ba, kekensa na gani yana yawo shi kaɗai kafin ya kife. Ya kutsa cikin taron da kafaɗa, ya kama wani ya wurgar, ya naushi wani, yana cewa, "Ku bari! Ku bari, 'yan banza!" Da ya ga ba za su ji ba, sai ya faɗa a kan Baffa, ya rufe shi da jikinsa, ya tusa kan Baffa a ƙarƙashin ƙirjinsa. Dukan bai tsaya ba. Na baya suna miƙo gora ta saman kafaɗun na gaba, ba su ma ganin abin da suke duka. Ƙarar tana fita kamar ana bugun dawa a masussuka. Jini ya fantsamo har cikin robar da ke gabana, ruwan ya yi ja a hankali, ina kallo na kasa ajiye kofin da ke hannuna.

Mahaucin nan ne ya tsayar da su. Bana bai shiga tseren ba saboda ciwon gwiwa, yana cikin masu tare hanya. Ya daka wata tsawa da ban taɓa jin irinta ba: "Kawu ne! Kawu kuke duka!" Duk garin haka suke kiransa. Hannaye suka tsaya a sama. Sai aka fara ja da baya, kowa yana kallon na kusa da shi.

Ya yi makonni a asibiti. Haƙarƙari sun karye, jini yana taruwa a ciki. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wa ya zo na ɗaya?" Aka ce babu wanda ya ƙarasa. Ya rufe ido ya ce, "Ko mutum ɗaya? Kai, kun ba ni kunya." Sannan ya tambayi ƙafar Yaya da hannun Baffa. 'Yan sanda sun zo sun nemi ya faɗi waɗanda suka yi dukan. Ya ce, "Fuskata tana ƙasa, kwalta kawai na gani." Suka dawo, ya maimaita musu.

A gari kuwa labari ya riƙa sauya kama. Da farko ana raɗa, daga baya aka fara cewa ai shanu ne suka bi ta kan Kawu lokacin da ya je ceton Yaya. Aka yi ta faɗa har masu faɗar suka yarda da shi. Ina ganin ya fi musu sauƙin ɗauka. Mu 'yan matan da muka gani, duk wadda ta buɗe baki sai a ce ruɗewa ta yi.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a ke nan, ina cikin zaure da farantin waina zan miƙa waje, sai na ji wurin ya yi tsit. Na leƙa. Baffa ne yake tahowa ta tsakiyar layi, shi kaɗai, ba sanda, hannunsa a ɗaure da karan ɗori, tabon goshinsa bai gama warkewa ba. An aika masa cewa kada ya zo, ya kwashe iyalinsa ya bar yankin. Ya zo. Samarin gindin darbejiya suka miƙe, kowa ya ɗauki abin da ya jingina. Suka tare tsakaninsa da tabarma.

"Ka zo ka ga aikinka?" in ji ɗaya.

Baffa ya ce, "Na zo gaisuwar ɗan'uwana."

"Yau za ka bi shi ka gaishe shi a can."

Liman ya miƙe yana salati, tsofaffin mafarauta suna ƙoƙarin tashi da sandunansu. Sai na ji an dafa kafaɗata. Inna ce. Mai takaba ba ta fita, kuma ba ta fita ba. Ta tsaya a bayan ƙyauren zaure inda ba a ganinta, ta ɗaga murya, ita da ban taɓa jin ta yi magana da ƙarfi ba.

"Ku saurara, 'ya'yan nan. Ni na yi jinyarsa. Ni nake juya shi, ni nake gasa masa baya safe da yamma. Na san shatin kofato, na san hujin ƙaho, a gidan noma aka haife ni. Babu ko ɗaya a jikinsa. Shatin gora ne tun daga wuya har ƙugu, har da zanen ƙarfen da kuke ɗaura mata a kai. Saniya ba ta riƙe gora."

Can wani daga baya ya ce, "Inna, ya faɗi suna?"

"Tun kuna yawo ba wando ya san muryar kowannenku. Bai faɗa wa hukuma ba, bai faɗa mini ba. Mutumin da ya ba da bayansa a kansa, ga shi nan tsaye. In za ku ƙarasa, ku ƙarasa a ƙofar gidansa, ina ji."

Yaya yana kwance a gefen tabarma, ƙafarsa a miƙe cikin ɗori. Tun ranar tseren bai cika magana ba. Ya ja jiki da ƙyar, ya matsa, ya buga tabarma da tafin hannu. "Baffa, ga wuri. Ku ba shi hanya, a kaina ya tsaya."

Suka buɗe. Baffa ya wuce ta tsakaninsu ya zauna, ya ɗaga hannunsa mai lafiya shi kaɗai ya fara addu'a, bai kai ƙarshe ba kuka ya ci ƙarfinsa, Liman ya ƙarasa masa. Wanda ya yi tambayar nan ya zauna a ƙasa inda yake, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Da Baffa ya tashi tafiya, tsofaffin mafarauta suka raka shi har ruga, suna tafiyarsu ta tsofaffi. Ya isa gida lafiya. Har yau yana nan.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo maka da bayansa yadda aka bar shi. Ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka haɗa shi da abokinsa da ya ɗauko daga daji. Hannayen da suka yi dukan kuwa, kullum ina haɗuwa da su a hanyar rijiya da kasuwa, suna sunkuyar da kai su ce mini "ya haƙuri". Shi ya rufa musu asiri. Ni har yanzu ina koyon amsawa.